Daga Salaga Zuwa Bawku Cikin Hoton Baƙi da Fari

Da hunturu hanyar Salaga zuwa Yendi ba ta da launi, ƙura ta shafe komai, shi ya sa muka ɗauki hotunanmu baƙi da fari. A Salaga muka fi daɗewa. Rijiyoyin da fataken goro suka sha, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa Hausawan garin, suna nan; wasu ciyawa ta rufe bakinsu, gidajen bulo kuwa sai matsowa suke yi, da yawa ko kwano babu. A Yendi kabarin Babatu kaɗai muka ɗauka, muka yi arewa. Bayan garin Bawku an yanka gonakin gero fuloti-fuloti, kukoki na tsaye tsakanin harsashin gini.