Olsa Ba Gadon Gidanmu Ba Ce

A gidanmu da ke Jimeta, gado muka ɗauki olsa. Babanmu ya rayu da ita har Allah ya karɓi abinsa, Goggo na fama da ita, ni ma ta kama ni tun ina sakandare. Kowa ya haddace dokarta: kada ka bari yunwa ta shige ka, ka guji yaji da tsami, ka kwana da madara kusa da kai. In ta motsa, a aiki yaro kemis ya karɓo farin maganin nan mai kauri, ko a jiƙa kanwa. Shekarar da azumi ya faɗo a bazara, zafin Yola na haura digiri 40, nakan kai la'asar a durƙushe, hannu a ƙahon zuci, ina tunanin ko in karya.

Abin da ya kai ni asibiti shi ne bayan gida da ya koma baƙi ƙirin, ga jiri in na miƙe. Likitan ya ce jini ne ke tsiyaya daga gyambon. Sai ya tambaye ni, "Malam, duk shekarun nan an taɓa yi maka gwajin ƙwayar cutar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wace ƙwaya? Ai yunwa ce." Ya ɗauko takarda ya yi mini zane, kuma daga ranar na shiga bin diddigin maganar.

Sunanta Helicobacter pylori. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka fito da ita fili a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya shanye ruwan da ya rene ta a ciki a 1984, tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Tana rayuwa cikin asid ɗin tumbi ne saboda tana fasa wani sinadari ta samar da amoniya, wadda ke kashe kaifin asid ɗin a kewayenta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dafinta, wanda masana ke kira VacA, aka kuma tace shi a Amurka a 1992. Bangon tumbi shimfiɗe yake da ƙananan ƙwayoyin halitta, wato sel, kuma cikin kowane sel ana hada-hada irin ta babbar kasuwar Jimeta: a sauke kaya a ƙofa, 'yan dako su kai kowane rumfarsa, shara kuma a wuce da ita bola. A sel, 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ne ke wannan dakon. Akwai jakar ƙarshe mai tsananin tsami, cike da sinadaran narkarwa, inda ake rugurguza duk abin da ya lalace da duk baƙon da ya kutso.

Dafin yakan manne a fatar sel, sel ɗin ya haɗiye shi cikin jaka yadda ya saba haɗiye komai. Da ya isa jakunkunan da ke dab da wurin narkarwa, sai ya huda bangonsu ya zama kafa. Ta kafar nan sinadarin kulorayid ke kwarara ciki, abin da ke sa famfon jakar ya ƙara tura asid. Amoniyar da ƙwayar cutar ta samar kuwa tana ratsa bango ta shiga, amma da ta gamu da asid sai ta sauya ta kasa fita. Tana taruwa, ruwa na bin ta, jaka na kumbura, har sel ya cika da manyan ƙuraje na ruwa da ake gani a madubin ƙara girma. Sinadaran narkarwa ba sa isa inda aka aike su, shara ta tsaya ba a kwashe ba. A 2019 masu bincike a Toronto ta Kanada suka nuna, a jikin ɓeraye, cewa ƙwayar cutar na samun mafaka a cikin waɗannan jakunkuna da suka daina aiki, inda maganin kashe ta ke wahalar cim mata. Wurin da Allah ya tanada don halaka ta, nan take kwana.

Wannan ne ya fahimtar da ni dalilin da madara da kanwa ba su taɓa raba mu da ciwon ba. Suna kwantar da raɗaɗi, mai ɓarnar kuwa na nan daram. Da gwaji ya nuna ina da ita, likita ya ɗora ni a kan magani na kwana 14: kala biyu masu kashe ƙwayar cuta, da mai rage asid. Bakina ya yi ɗaci, zuciyata ta riƙa tashi, ciwon kuma ya lafa tun kafin rabin kwanakin, wanda a nan ne mutane da yawa ke ajiye sauran. Ya gargaɗe ni cewa Flagyl ɗin da muke sha kan kowace gudawa ya sa ƙwayar ta saba da shi a ƙasar nan, kuma ya hana ni magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, domin su kaɗai ma suna iya huda tumbi. Bayan wata guda da gamawa aka sake gwada bayan gidana, babu ita. Azumin da ya biyo baya na yi shi cif.

Ba kowane mai ɗauke da ita ke ciwo ba. A 1992 wani likita da ya yi aiki a Maiduguri, Chris Holcombe, ya wallafa cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka gwada a arewa maso gabas suna da alamarta a jini, galibi tun suna yara. Irinta ma ya bambanta, dafin wata ya fi na wata ƙarfi. Amma tun 1994 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin abubuwan da ke jawo kansar tumbi, kuma wannan ya ishe ni in daina kallonta a matsayin ciwon da ake haƙuri da shi. A cikin gida take yaɗuwa, ta miyau, da hannu, da ruwan da ba a tabbatar da tsabtarsa ba. Kenan abin da muka kira gado, mai yiwuwa miƙa wa juna muka riƙa yi a gida ɗaya.

Goggo ce ta fi ba ni wahala. Ta ce, "Ɗan nan, ciwon da na tsufa da shi ne za a cire a sati biyu?" Sai da na haɗa ta da Kawu ta yarda. Aka ce ta dakatar da maganin rage asid na sati biyu kafin gwaji, don kada ya ɓoye ƙwayar. Sakamako ya nuna tana da ita. Jikarta ce ke riƙe da ledar maganin, tana miƙa mata bayan sallar asuba da bayan magariba, kuma an ba mu ranar da za mu koma a sake gwadawa.