Kakanni Nawa Ka Sani?

Jama'ar zango, manya da yara, ga abin da ya same ni a Ingila.

Ina da wani maƙwabci a Barmingam, Ba'indiye ne, mai bin addinin Hindu. Tun da ubansu ya rasu, shi da ƙanensa na Mancesta suke tara kuɗin zuwa Gaya, a jihar Bihar ta Indiya. Can bakin kogin Falgu 'ya'ya kan dunƙula shinkafa da riɗi, su miƙa da sunan iyaye da kakanni, a wasu kwanaki na wajen Satumba da suke kira Pitru Paksha.

Ran nan na tarad da shi yana rubuta sunayen kakanninsa, don malamansu na Gaya za su tambaya. Ya ce, "Maƙwabci, kai fa, nawa ka sani?"

Na ƙirga biyu, na tsaya. Kunya ta kama ni.

Hanyarmu dabam, mu addu'a da sadaka mu ke yi. Amma rabona da kabarin Baba a Tafo, Kumasi, shekara tara ke nan. Bana in Allah ya yarda zan je.

Samari, ku tambayi tsofaffi tun suna raye. Wassalam.