Umarni na Huɗu: Waiwaye a kan Gwajin Biyayya na Milgram

A shekarar 1961, lokacin da ake shari'ar Adolf Eichmann a birnin Ƙudus bisa rawar da ya taka wajen kisan kiyashin da gwamnatin Nazi ta yi wa Yahudawa, wani matashin malami a Jami'ar Yale ta Amurka ya sa talla a jarida yana neman mutanen da za su taimaka wa wani bincike a kan koyo da riƙe karatu. Sunansa Stanley Milgram, masanin halayyar ɗan Adam, kuma shi ma Bayahude ne. Uzurin da Eichmann ya riƙe a gaban alƙalai shi ne umarni ya bi. Abin da ya dami Milgram kuwa shi ne ko wannan uzuri yana da tushe a cikin halin kowane mutum.

Tsarin gwajin ba shi da sarƙaƙiya. Akan ba wanda ya amsa talla matsayin malami, a zaunar da shi gaban wata na'ura mai makunnai 30, daga bolt 15 har zuwa bolt 450. A ɗaki na kusa an ɗaure wani mutum a kujera a matsayin ɗalibi. Duk lokacin da ɗalibin ya yi kuskure, sai malamin ya danna makunni domin lantarki ya ja shi, kowane kuskure kuma da ƙarin bolt 15. Abin da malamin bai sani ba shi ne babu wuta a cikin na'urar, kuma ɗalibin da haɗin bakinsa ake yi. A rahoton farko da ya fito a 1963, mutum 26 cikin 40, wato kashi 65 cikin ɗari, sun danna har makunni na ƙarshe, duk da cewa ɗalibin ya bubbuga bango a bolt 300, daga bisani ya yi tsit.

Wannan adadi shi ne ya zaga duniya, aka kuma ɗora masa fassara guda: ɗan Adam kamar raƙumi da akala yake, duk inda mai iko ya ja shi nan zai bi. Fassarar tana da daɗin maimaitawa a aji, amma ba ta ɗauke nauyin dukkan abin da ya faru a ɗakin ba. Milgram ya sake gwajin ta fuskoki da dama, kuma ya tattara sakamakon a littafinsa na 1974. Da aka kawo ɗalibi ɗaki ɗaya da malami, masu kaiwa ƙarshe sun ragu zuwa kashi 40. Da aka bukaci malami ya danne hannun ɗalibi da kansa a kan farantin lantarki, sun koma kashi 30. Da mai kula da gwajin ya bar ɗakin yana ba da umarni ta wayar tarho, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya kai ƙarshe. Da aka zaunar da wasu abokan aiki biyu suka ƙi ci gaba a gaban idon malamin, kashi 10 kacal suka rage. Mutane iri ɗaya ne, na'ura ɗaya ce, abin da ya sauya shi ne nisan wanda ake cuta, kusancin mai umarni, da samuwar wanda ya riga ya ce a'a.

Akwai kuma wani abu da ya fi waɗannan alƙaluma jan hankali. An tanadar wa mai kula da gwajin jimloli huɗu da zai faɗa bi da bi idan malami ya nuna turjiya. Ta farko roƙo ce cikin ladabi. Ta biyu tana cewa gwajin ne yake bukatar a ci gaba. Ta uku tana jaddada muhimmancin hakan. Ta huɗu ce kaɗai umarni tsagwaronsa, domin tana shaida wa mutum cewa ba shi da wani zaɓi. Jerry Burger na Jami'ar Santa Clara ya maimaita gwajin ya tsaya a bolt 150, ya wallafa sakamakonsa a 2009, inda kashi 70 suka nuna za su wuce wannan mataki. Sai dai da aka bi diddigin kalaman, an tarar babu ko mutum ɗaya da ya ci gaba bayan ya ji jimla ta huɗu. Gaskiya ne cewa wanda ya kai ga jin ta ya riga ya turje sau uku, don haka hujjar ba ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai ba. Duk da haka, Alexander Haslam da Stephen Reicher sun gina ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan: mahalarta ba tsoron mai iko ne ya tura su ba, sun yarda ne cewa suna hidimta wa ilimi, kuma wahalar ɗalibin farashi ce da ta cancanci a biya.

Idan haka ne, darasin ya fi na farko ɗaci. Wanda aka tilasta masa yana da mafaka, zai ce ƙarfi aka fi shi. Wanda ya yarda kuwa da hannunsa da zuciyarsa ya shiga. Mai nazarin Hausa zai lura cewa kalmar biyayya ta haɗa abubuwa biyu da gwajin ya raba: bin umarni, da girmama wanda ake ganin ya cancanta. Karin maganar nan ta bin na gaba bin Allah ba ta zancen bulala ba ce, zancen amincewa ce, kuma ta wannan ƙofa ta amincewa aka shigo wa mutanen Milgram.

Shi kansa binciken bai tsira daga tuhuma ba. Tun 1964 Diana Baumrind ta soki irin ƙuncin da aka jefa mahalarta, waɗanda aka ga suna gumi, suna rawar jiki, suna cizon leɓe. A 2012 Gina Perry, bayan ta saurari faya-fayan da ke ajiye a Yale, ta nuna cewa mai kula da gwajin yakan wuce jimlolin da aka tsara masa, kuma an sallami da yawa daga cikin mahalarta ba tare da an bayyana musu cikakkiyar gaskiya ba. Ashe mai binciken ma ya ga halascin wahalar da mutane saboda manufar da ya yi imani da ita.

A nan ne batun ya shafi duk wanda ke aiki a jami'a, inda ɗalibi ke bin mai duba aikinsa, ƙaramin malami ke bin babba, kowa kuma da sunan ilimi. Ba kasafai ake ba da umarni na huɗu a irin wannan wuri ba. Na biyu ake bayarwa, cikin murya mai taushi, a ce aikin ne yake bukata. Mutum 14 da suka tsaya a gwajin farko sun ji irin wannan murya, suka auna ta da bugun bangon da ke zuwa daga ɗaki na kusa, suka janye hannunsu daga na'urar.