Burjin Da Muke Gudu, Wasu Biya Suke Yi Su Hau

A wannan wata muna so mu tattauna a kan keke da hanyar burji. Wani zai ce, me kuma ya rage a faɗa a kan burji? Mu da muke zaune a arewacin Gana mun san shi ciki da bai. Mun san jar ƙurarsa da take rina farar riga da hunturu, mun san taɓonsa da damina, mun san gargadar da take kwance kusoshin keke. To amma a Amurka da Turai hawan keke a kan hanyar tsakuwa ya zama wasa mai zaman kansa, da irin kekensa, da gasanninsa, har da rigimarsa. Rigimar ce ta ja hankalinmu, domin da muka bi ta a tsanake sai muka ga abin da suke jayayya a kansa abu ne da muka daɗe muna da shi, muna kuma nema mu yar.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 2006 mutum 34 suka taru a wani ƙaramin gari mai suna Emporia a jihar Kansas ta Amurka, suka yi tseren mil 200, wato kusan kilomita 320, a kan hanyoyin gona da ba su da kwalta. Yankin yana da duwatsun ƙanƙara masu kaifi da suke yanka taya. Wannan tsere shi ne ake kira Unbound Gravel tun daga 2020. A yau dubban mutane ne suke zuwa, kuma masu nema sun yi yawa har sai an jefa ƙuri'a kafin mutum ya sami gurbi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suke korar masu keke daga kwalta shi ne tsoron mota, musamman direbobin da suke tuƙi idonsu na kan waya. A hanyar gona kuwa sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mota ba.

Waɗannan mutanen farko sun kafa wata al'ada. Kowa ya ɗauki ruwansa da abincinsa da kayan gyaransa. Babu motar da za ta biyo ka da sabon keke. Gwani da ɗan koyo, tsoho da yaro, duk layi ɗaya suke tashi. In ka tarar da wani tayarsa ta sace, sai ka rage gudu ka tambaye shi ko yana bukatar wani abu. Kuma wanda ya iso cikin dare ana yi masa tafi kamar wanda ya zo na ɗaya. Kamfanoni suka lura, suka ƙera keke na musamman: kansa lanƙwasasshe kamar na keken tsere, tayarsa mai faɗin milimita 40 zuwa 50 maimakon 25 zuwa 30 na keken kwalta, ba a cika mata iska sosai, kuma galibi ba ta da tiyub, sai wani ruwa mai danƙo da yake toshe huda da kansa. Akwai irin wannan keke da kuɗinsa ya haura dala 5,000.

Daga nan masu keke suka rabu. Kashi na farko su ne 'yan tseren kwalta. Wasunsu suna ganin hawan tsakuwa dabarar 'yan kasuwa ce kawai ta sayar wa mutum keke na biyu. Masu keken hawan dutse kuma suna yi musu dariya, suna cewa ai irin kekensu ne na shekarun 1990 aka canza wa kai. Maganar ta yi zafi a 2024, lokacin da babban tseren Faransa, Tour de France, ya sa sassa 14 na hanyar tsakuwa a zango na 9, a kewayen garin Troyes. Wasu shugabannin ƙungiyoyi suka ce bai kamata a bar huda taya ta yanke hukuncin tseren mako uku ba. A ranar, Jonas Vingegaard, wanda ya ci gasar sau biyu kafin nan, ya sami matsalar taya, dole ya karɓi keken abokin ƙungiyarsa ya ƙarasa da shi. Masu goyon baya suka amsa da cewa lokacin da aka fara wannan tsere a 1903, yawancin hanyoyin ai ba su da kwalta.

Kashi na biyu su ne tsofaffin 'yan tsakuwa, kuma kukansu daban ne. Su cewa suke kuɗi ya shigo ya ɓata zumunci. Wani babban kamfani ya sayi tseren Emporia a 2018. Ƙwararrun da suka bar tseren kwalta suka shigo da masu ɗaukar nauyinsu. A 2022 hukumar keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta tsakuwa a yankin Veneto na Italiya, kuma waɗanda suka ci, Gianni Vermeersch na Beljiyam da Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa, dukkansu ƙwararru ne da keke ne sana'arsu. Mutumin da albashinsa ya rataya a kan nasara ba zai tsaya ya ba wani famfo ba. Kashi na uku, wato ƙwararrun kansu, suna cewa tsere tsere ne, wanda yake son yawon shan iska ba wanda ya hana shi.

Akwai kuma wani labari daga Italiya da ya sa muka yi shiru. A 1997 wani mutum mai suna Giancarlo Brocci ya kafa hawan da ake kira L'Eroica a yankin Toskana, inda ake hawan tsofaffin kekuna irin na kafin 1987. Ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne a hana zuba kwalta a kan fararen hanyoyin tsakuwa na yankin, domin a wurinsu kayan tarihi ne. Ku duba fa. Mu nan wakilai muke turawa, muna rubuta takardun koke, muna jiran lokacin zaɓe, duk don a zuba mana kwalta. Su can ƙungiya suka kafa don kada a zuba. Abincin wani, gubar wani.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya. Wanda ya zaɓi burji da wanda burji ya zaɓa ba ɗaya suke ba. Baturen da ya sha ƙura ranar Asabar zai ɗora kekensa a mota ya koma gida ta kan kwalta. Mace mai naƙuda da za a kai asibiti daga ƙauye da damina ba ta da wannan zaɓi, haka manomin da doyarsa take ruɓewa saboda babbar mota ta ƙi shiga. Mu da muka fito daga kwalejin horon malamai aka tura mu makarantun ƙauye mun san ranakun da aji yake zama rabi saboda rafi ya cinye hanya. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya ce malamai sun ce a bar mana burji. Kwalta haƙƙinmu ce, kuma za mu ci gaba da nema.

Amma kafin kwaltar ta iso, me muke yi da abin da burji ya koya mana? Duk abin da tsofaffin 'yan tsakuwa suke kuka a kan rasa shi, mu da shi muka tashi. Iyayenmu da suka yi fatauci a kan Raleigh da Phoenix tsakanin kasuwannin Tamale da Yendi da Salaga ba sa fita sai da famfo da gam da guntun tsohon tiyub a ƙarƙashin sirdi. Ba a wuce mai keken da ya tsaya a bakin hanya ba tare da an ce, "Sannu malam, lafiya?" ba, ko da Badagombe ne kai Bahaushe. Yaron da yake tuƙa keken babansa kilomita goma zuwa makaranta, da ƙaninsa a kan kariya, ya san ya bi gefen hanya inda gargada ba ta da ƙarfi. Ya san in ya shiga yashi ba a danne birkin gaba, sai a sassauta hannu a ci gaba da taka feda. Ya san in kaca ta zame yadda zai mayar da ita da tsinke. Waɗannan abubuwa a can ƙetare kuɗi ake biya a koye su.

Mu kuwa kunyarsu muke ji. Tun da babur ya yi arha, keke ya zama alamar rashi a zangunanmu. Saurayi gara ya ci bashin babur da a gan shi da jar ƙura a wando. A makaranta muna ganin yadda yaran cikin gari suke tsokanar na ƙauye saboda kalar safarsu, har wasu su ɓoye kekensu nesa da ƙofar makaranta. Masu faci da suke zama a gindin bishiya suna tsufa, yara kaɗan ne suke zuwa koyo. Har tsayawar nan da ake yi wa juna ta ragu, domin mai babur ya wuce kafin ya gane wanda ke tsaye.

Mutanen Kenya sun nuna cewa akwai wata hanya. A 2021 aka fara wani tseren kwana 4 mai suna Migration Gravel Race a yankin Masai Mara, kusan kilomita 650 a kan hanyoyin ƙasa. Dabarar ita ce, tun da biza da kuɗin jirgi suna hana yaran Afirka zuwa Turai, to a kawo gwanayen Turai su yi tsere a kan hanyoyin da yaran suka saba da su. A karon farko Laurens ten Dam na Holan ya zo na ɗaya, Sule Kangangi na Kenya ya zo na biyu. Ƙungiyar Team Amani, mai 'yan Kenya da Yuganda da Ruwanda, ta kai waɗannan samari har Amurka. A watan Agusta na 2022 Kangangi ya faɗi ya rasu a wani tsere a jihar Vermont, kuma abokin ƙungiyarsa John Kariuki ne ya ci tseren a ranar. Wannan ya tuna mana cewa wasan yana da haɗari, hular kwano ba ado ba ce. Ya kuma nuna cewa yaron da ya tashi a hanyar ƙasa yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kowa.

To, me za mu yi? Ba ma bukatar keken dala 5,000. Hanya muna da ita, kekuna suna nan a zaure. Makarantunmu suna yin gasar guje-guje da ƙwallo kowace shekara. Me zai hana a ƙara tseren keke daga wannan ƙauye zuwa wancan, kowa da keken gidansu, 'yan mata da nasu rukuni? Sarakunan zango da ƙungiyoyin samari su ba da kyauta, ko da taya biyu ce da famfo. A gayyato mai facin unguwa ya koya wa yara gyara, a biya shi ladansa. Sannan tun daga ranar farko mu rubuta dokar da su can suke neman dawo da ita yanzu: kowa ya ɗauki kayan gyaransa, wanda ya tsaya ya taimaki ɗan'uwansa yana da tasa kyautar, kuma ba a watsewa sai na ƙarshe ya iso.

Ga iyaye kuma, in yaronku ya dawo gida jajir da ƙura, ku tambaye shi kilomita nawa ya yi yau kafin ku yi masa faɗan riga. Ga 'yan'uwanmu malamai, duk wanda ya gwada irin wannan tsere a makarantarsa ya rubuto wa wannan shafi yadda ta kaya, domin sauran mu ƙaru. Allah ya kawo mana kwalta, ya kuma bar mana zumuncin burji.