KEFFI: BAƘON MALAMI DA KARATUN YAMMA

Matafiyin da ya baro Abuja ya nufi gabas, in ya tsallake cunkoson Mararaba da Masaka, tafiyar kimanin kilomita 50 za ta kai shi Keffi. Garin Abdu Zanga ke nan, Bafulatanin da ya taso daga ƙasar Katsina ya kafa shi wajen shekarar 1800. An ce sunan ya fito ne daga "kafi", watau shingen itace da ake kange gari da shi.

Keffi ta daɗe da sanin baƙi. A watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Maloni, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Turawa suka riƙe wannan hujja, suka ci Kano da yaƙi a watan Fabrairu na 1903. Har yau akwai tudu a garin da ake kira da sunan Maloni.

To, amma akwai wasu baƙin da suka shigo ƙasar nan da alli da littafi, su ne 'yan mishan. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyun farko suka mutu a 1894. Bingham ya rayu, ƙungiyarsu ta SIM ta kafu, kuma daga cikinta cocin ECWA ya fito a 1954. Jami'ar da cocin ya kafa a 2005, wadda take Karu, sunan Bingham take ɗauke da shi. Ita kuwa ƙungiyar SUM, wadda ta iso a 1904, reshenta na Afirka ta Kudu ya yi aiki a tuddan Mada, inda aka sami cocin ERCC mai hedkwata a Alushi kusa da Akwanga.

Gwamnatin Turawa ta taƙaita wa 'yan mishan shiga biranen sarakunan Musulmi, saboda haka suka dosa ƙauyukan Mada da Eggon da Gbagyi. Can suka buɗe ajujuwan koyar da addini a rumfa ko gindin bishiya, inda ake koyon karatu da rubutu, galibi da Hausa, musamman bayan da aka buga Littafi Mai Tsarki da harshen a 1932. Nan ne tushen karatun yamma na coci.

Daga baya sai ga samarin sa-kai. A Ingila aka kafa VSO a 1958, Amurka ta kafa Peace Corps a 1961, Kiristocin Mennonite na Amurka da Kanada su ma suka riƙa aiko malamai makarantun Nijeriya. Tun a shekarar farko Amurkawa suka sha darasi. A watan Oktoba na 1961 wata 'yar sa-kai a Ibadan ta rubuta kati zuwa gida tana kushe zaman mutanen ƙasa. Katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, ita kuwa dole ta bar Nijeriya.

Yau in la'asar ta yi a Keffi, yara kan rabu biyu. 'Ya'yan Musulmi su ɗauki jaka su nufi Islamiyya. 'Ya'yan Kirista kuwa da yawa sukan taru a harabar coci, wasu don bitar aikin makaranta, wasu don waƙa, wasu don faretin Boys' Brigade, ƙungiyar da aka kafa a Glasgow a 1883. Iyaye suna kasuwa ko gona ko ofis, waɗannan sa'o'i biyu ko uku su ne ke raba yaro da yawon banza.

Duk wanda ya ƙetaro teku don ya taimaka a irin wannan aji, abu uku ke jiransa. Na farko harshe. Yaron da ake wa Madanci a gida, Hausa a titi, Turanci a makaranta, ba zai fahimci lissafi ba daga bakin wanda ko "ina wuni" bai iya ba. Na biyu amana. A unguwa ɗaya akwai masallaci da coci, kuma ɗan maƙwabci Musulmi yana iya bin abokinsa. Wajibi ne uban yaro ya san abin da ake koyarwa, ya kuma yarda. Ajin da ya ɓoye manufarsa, ko ya mai da biskit da fensir tarko, zai ɓata zumuncin da aka yi shekaru ana ginawa. Na uku ɗorewa. Baƙo raɓa ne, yaro kuwa ya saba da malami, bayan wata biyu ya nemi shi ya rasa. Mai hankali yakan tsaya a bayan malamin gida ya ƙarfafa shi, ba ya ƙwace masa alli ba.

Keffi ba ta rasa nata 'yan hidima ba. Tun da Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, matasa ke barin jihohinsu su koyar a inda ba su da kowa. Sansanin horar da su na Jihar Nasarawa a Keffi yake, kuma sunan Magaji Ɗan Yamusa aka sa masa. Mutumin da ya ƙi baƙon da ya zo da iko, yau a ƙarƙashin sunansa ake marabtar baƙin da suka zo da hidima. Mai shirin zuwa ya lura da wannan, ya fara da gaida mai unguwa da iyayen yara kafin ya taɓa allo.