Davos, ɗan malamin da aka tsallake

Wannan rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. A kan wani bos na littafin komik zan yi magana, kuma na san tun kafin in kai ƙarshe wani zai rubuto a ƙasa cewa ƙato da gemunsa, ɗan mastas, babi na uku na jiransa, ya zauna yana karanta zanen yara. Na ji, na gode. Amma duk wanda yake kwana a Karshi yana fita lakca ya san abin da hanyar nan take ci a rayuwar mutum. Orozo, Kurudu, Jikwoyi, kafin ka hango gadar Nyanya rana ta take. A cikin wannan cunkoson, ku huɗu a kujerar baya, ba a karanta maƙalar bincike. Komik kuwa yana shiga, hoto ne da 'yar magana, ka riƙe waya da hannu ɗaya kana ja.

Mu da muka tashi a gidajen kallo na unguwa, gida biyu muka san an raba duniya: akto da bos. Fim ɗin Chana ne ko na Indiya, tafiyar ɗaya ce. Bos ya kashe malamin akto, akto ya shiga daji ya yi ta naushin itace, a ƙarshe su haɗu, mu kuma mu hau kan benci muna ihu. Ban tuna ranar da wani cikinmu ya tambayi me aka yi wa bos ɗin tun farko ba.

Zazzaɓin kunfu ɗin nan har Amurka ya kama. A 1973 fim ɗin Burus Li mai suna Enter the Dragon ya fito, shekarar da shi kansa ya rasu. Kamfanin Marvel ya ga kasuwa ta buɗe, sai a 1974 Roy Thomas da Gil Kane suka ƙirƙiro Iron Fist, wato mai dunƙulen ƙarfe. Sunan yaron Danny Rand, ɗan wani attajiri. Yana ɗan shekara tara iyayensa suka mutu a kan hanyar neman wani ɓoyayyen birni a cikin duwatsu mai suna K'un-Lun, wanda ƙofarsa ba ta buɗewa sai sau ɗaya a shekara goma. Mutanen birnin suka tsince shi, suka damƙa shi hannun babban malamin faɗansu, Lei Kung. Bayan shekara goma ya samu izinin tunkarar dodon birnin, Shou-Lao, ya yi nasara, ya tsoma hannuwansa a narkakkiyar zuciyar dodon. Daga nan ya fito da tambarin dodo a ƙirji, da hannun da in ya tara ƙarfinsa a ciki yake fasa ƙarfe.

To, shi Lei Kung ɗin yana da ɗa na cikinsa. Sunansa Davos, laƙabinsa Steel Serpent, macijin ƙarfe. Chris Claremont da John Byrne ne suka fito da shi a 1975. Ku ɗan tsaya a nan, don a nan maganar take.

Davos a gidan faɗa aka haife shi. Tun yana rarrafe yake ganin ɗalibai suna zubewa gaban ubansa, kuma bai taɓa tunanin akwai wani aiki da zai yi a duniya ba in ba gadon wannan dunƙulen ba. Da lokaci ya yi aka sa gasa, wa ya kayar da shi? Wendell Rand, mahaifin Danny, baƙon da sarkin birnin ya ɗauka ya riƙa kamar ɗa. Davos ya ce an yi son kai, sarki ya fifita ɗan riƙonsa. Ya tafi wajen dodon ba da izinin kowa ba. Dodo ya yi masa kaca-kaca, ya bar masa tabo a fuska, ga wani guntun tambari a ƙirji, maciji ba fukafukai. Aka kore shi daga garin haihuwarsa. Abin da ya fi ci min rai a labarin ma shi ne, Wendell ɗin da ya ci gasar bai karɓi dunƙulen ba, barin birnin ya yi ya koma Amurka. Wato abin da ka ba wa rayuwarka gaba ɗaya, an miƙa wa wani, shi kuma ya ajiye ya yi tafiyarsa. Bayan shekaru ɗansa ya zo ya ɗauka.

Wallahi ranar da na kai wannan wajen sai da na kashe wayar na yi shiru, don a satin ne aka yi min nawa.

A sashenmu na yi digirin farko. Shekarata wajen bakwai ina shiga ina fita a wannan barandar. Na taya malamina tsaron jarrabawa, na taya shi shigar da maki, na san inda makullin ofishinsa yake kwana. Sai aka samo kuɗin wani aikin bincike, ana son ɗalibin mastas guda ɗaya tak: alawus duk wata, fita fili da motar aiki, kuma sunanka a kan duk maƙalar da za a buga. Ni da nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Karshi, albashin ba ya kai ni ashirin ga wata, kun san me wannan alawus ɗin yake nufi. Kowa a aji ya gama ba ni. Aka zauna, aka ɗauki wani da ya zo daga wata jami'a bara-bara, wanda har yanzu sai an nuna masa ofishin sakatare. Malam da kansa ya kira ni ya ce, “Ka yi haƙuri, aikin lissafi ne da yawa, shi kuma hannunsa ya faɗa a R.” Na ce ba komai, ranka ya daɗe. Da komai mana.

Kafin kwana uku ajinmu ya raba mana matsayi, shi akto ni bos, ko ni akto shi bos, gwargwadon wanda kake zama kusa da shi. Ban nemi shawarar kowa ba, amma sai da ta iso har gida. Wani ya ce in rubuta takardar ƙorafi ba suna. Wani ya rantse min yaron yana da kawu a sama, da na ce wane ne kawun sai ya ce ai kowa ya sani. Wata kuma, da kyakkyawar niyya har ga Allah, ta ce in samo farafozal ɗinsa a bincika, ba za a rasa inda ya kwafa ba.

Ina da maƙwabci, ɗan asalin Karshi ne, ɗan ƙabilar Gwandara. Shi bai karanta komik ɗin ba, fim ɗin Netflix ya kalla, wanda aka fara a 2017 aka tsayar a 2018 bayan zango biyu. A can sun ɗan sauya labarin: Davos da Danny tare suka tashi kamar wa da ƙani, su biyun suka kara, Lei Kung ya ba baƙon nasara a kan ɗansa, Danny kuma ya bar gadin ƙofar birnin ya koma Niyok. Da na ba shi labarina, dariya ya yi ya ce, “Malam, kai yau ka fara. Mu ne 'ya'yan Lei Kung. Tun 1976 aka yanki ƙasar nan aka ce ta kowa ce, sai 2023 aka naɗa ɗan asalin yankin minista na farko. Ba mu da gwamna, sanata ɗaya gare mu.” Na buɗe baki zan taya shi, sai na tuna daga Funtuwa na zo, a ɗakin yayana nake zaune, a filin da aka saya hannun danginsa. A sashenmu ni ne ɗan gida. A layinmu kuwa ni ne wanda ya zo jiya. Shi ya sa yanzu in na ji ɗalibi yana cewa “an kawo mana bare”, nakan so in tambaye shi a ina yake kwana.

Ni dai a ganina rabin ƙorafin Davos gaskiya ne, kuma marubutan ba su ɓoye hakan ba. Masu mulkin K'un-Lun ba waliyyai ba ne. Kuma akwai ciwo na musamman a ce wanda ya koya maka komai shi ne zai kalle ka ya ce wani ya fi ka. Duk wanda ya ce wannan ba ya zafi, bai taɓa zama yaron malam ba. Inda muka rabu da shi shi ne abin da ya yi da zafin. A 1977, cikin Marvel Team-Up na 63 da 64, ya bi Danny har Niyok, ya rungume shi ƙirji da ƙirji, ya zuƙe ƙarfin dunƙulen ya mayar jikinsa. Ya samu abin da yake nema fa. Sai ƙarfin ya fi ƙarfin jikinsa, ya kasa riƙe shi, ya cinye shi a gaban Spider-Man da sauran waɗanda suka zo ceton Danny. Mutumin da ya fi kusan kowa iya faɗa a garinsu, da zai iya buɗe makarantarsa ya tara ɗalibai, bai ga komai a duniya ba sai abin da ke hannun mutum ɗaya.

Irin wannan rungumar muna yin ta a makaranta, sai dai ba ta da hoto mai kala. Ka ga sanarwar tallafin PTDF ko Chevening ko Commonwealth, ka yi shiru, sai ranar da aka rufe ka turo ta guruf kana “kai, yanzu na gani”. Malam ya ba ka littafi ka raba wa aji, ya kwana uku a jakarka. A tambaye ka lambar wanda ke taimakawa da nazarin alƙaluma ka ce ta ɓata. Ka shiga ofis gaisuwa, ka fito ka bar wata 'yar magana a kan wani, wadda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya amma ka san aikin da za ta yi. Mu 'yan Arewa muna yawan kukan an bar mu a baya a wajen samun irin waɗannan damarmakin, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wani kason na abin a cikin guruf ɗinmu na WhatsApp yake mutuwa, a hannun wanda muke sallah sahu ɗaya da shi. Kuma a ce takardar da ba suna ta yi aiki, an cire yaron an sa ni. Ranar da aka turo min alƙaluman gidaje ɗari-ɗari aka ce ana son sakamako ranar Litinin, wa zan runguma?

Abin da ya fi komik ɗin taimaka min, abin mamaki, dambe ne. Wanda bai taɓa zuwa ba ya daure wata Lahadi ya leƙa gidan damben Marabar Nyanya, ko na Dei-Dei in ya fi masa kusa. Akwai adawa ta gaske a wurin, Kudu da Arewa da Guramada, kowa da makaɗinsa da 'yan liƙinsa. Mutum ya naɗe hannu da zare, ya shiga fili, a yi turmi uku, ko a yi kisa ko a tashi babu kisa. Amma ba bos a filin. Wanda aka kashe yau ya tashi ya karkaɗe ƙasa, wani satin shi ne zai sa zare da wani, kuma mutanen ɓangarensa ba su fasa yi masa kirari ba. Duk abin da za a yi, a gaban jama'a ake yin sa, da sunanka da na ubangidanka.

Ku duba Shago da Ɗandunawa. Yawancinmu ba mu ga dambensu ba, ta bakin Ɗan Anace muka san su, shi kuma Ɗan Anace mawaƙin Shago ne. Don haka Shago muka tashi muna ɗauka akto. Da a ce wani makaɗin mai irin wannan baiwar ya tsaya a bayan Ɗandunawa, da wataƙila labarin da muka gada daban ne. Kuma ko a yadda yake, ba a gane girman Shago sai an ambaci irin mazan da ya tsaya a gabansu. Davos bai yi wannan sa'ar ba, alƙalamin yana hannun masu sayar da littafin Danny. A jerin The Immortal Iron Fist da Ed Brubaker da Matt Fraction suka fara a 2006 har sun bar shi ya dawo hayyacinsa ya tsaya a ɓangaren ubansa. Daga baya wasu marubutan suka sake mayar da shi mugu, don in babu bos me za a sayar a wata mai zuwa? Ajinmu ma haka yake so, a samu abin tattaunawa a wajen mai shayi. Ni kuma ba littafin kowa nake ciki ba.

Ban ce mun zama abokai da yaron ba, kada wani ya je ya ƙara gishiri. Har yanzu in na ga motar aikin ta ɗauke shi sai na ji wani abu ya tsaya min a wuya, kuma har yanzu ina ganin shekara bakwai ta cancanci a ce an zaunar da ni an yi min bayani tun kafin a yanke, ba bayan an yanke ba. Wannan na faɗa wa malam da bakina, a ofishinsa, ya kuma saurara. R ɗin kuma na fara koya, da daddare in an kawo wuta.

Ranar Laraba mai zuwa shi zai gabatar a samina. Na karanta farafozal ɗin nasa sau biyu, wanda aka raba wa kowa, kuma na ga rami a yadda ya zaɓi ƙauyukan da zai ɗauki bayanai, duk na bakin titi ne. Zan tashi in yi masa tambayar a zauren, gaban malamai. Jiya da dare na tura masa saƙo na gaya masa abin da zan tambaya, don ya zo da shirinsa. Bai fi minti biyar ba ya amsa. Ya ce ya gode, kuma in shirya, shi ma akwai guda biyu da yake ajiye min a babi na biyu.