Talaka Ma Yana Iya Ganin Duniya

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma mutane da yawa a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan sun ɗauka wannan mabuɗi a aljihun mai kuɗi kaɗai yake. In aka ce wa manomi ya tafi wata ƙasa don kawai ya gani da idonsa, sai ya yi dariya, ya ce ai wannan aikin Turawa ne da manyan ma'aikata. To, ga labarin waɗansu mutum uku da suka gwada abin da ɗan guzurinsu, suka je ƙasar Benin, suka hau duwatsu, suka komo gida lafiya, ba su ci bashin kowa ba.

Babbansu manomin rake ne a Maƙarfi, ya ba shekara hamsin baya. Na biyu tela ne a Kudan. Na uku kuwa tsohon malamin firamare ne a Ikara, shi ne mai riƙe musu lissafi. Manomin nan ne ya tsiro da maganar, gama tun yana yaro yake jin labarin kakansa, wanda ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro. A zamanin nan madugu yakan ja ayari da jakuna ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu, su haye Kwara wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su yada zango a Jugu, wanda Faransawa ke rubutawa Djougou, sa'an nan su wuce. Manomin ya daɗe yana so ya taka inda kakansa ya taka.

Da ya faɗa wa mutanen gidansa, ƙanensa ya ce, "Haba Yaya, kuɗin taki za ka kai wa duwatsu? In dutse kake so, ga Kufena nan kusa da Zariya." Ya amsa masa ya ce, "Ba zan taɓa kuɗin taki ba, ba kuwa zan taɓa hatsin gida ba. Abin da zan tafi da shi, daga goro da shayin da nake sha zai fito." Haka kuwa aka yi. Su uku suka ƙulla adashi, kowace ranar kasuwa kowa ya zuba abin da ya samu, malamin yana rubutawa a littafi, har shekara ta zagayo. Maganar ƙanen ma ba ta faɗi a banza ba, don kafin su tashi sai da suka hau Dutsen Kufena sau uku, suna gwada ƙafa da numfashi.

Ya kamata mai karatu ya san wace irin ƙasa ce suka nufa. Benin ɗin nan dabam take da birnin Benin na Jihar Edo. Ita ce maƙwabciyar Nijeriya ta yamma, inda birnin Kwatano yake. Da can sunanta Dahomi, ta sami mulkin kai daga Faransa a 1960. A 1972 wani soja mai suna Mathieu Kerekou ya ƙwace mulki, a 1974 kuma ya yi shelar cewa ƙasar ta bi tafarkin gurguzu, watau gwamnati ce za ta riƙe bankuna da manyan kamfanoni, jam'iyya kuma ɗaya tak. A 1975 aka sāke mata suna zuwa Benin. Abin bai yi albarka ba. Kafin ƙarshen 1989 bankunan gwamnati sun karye, ma'aikata sun yi watanni ba albashi, malamai da ɗalibai suna yajin aiki. Sai aka yar da gurguzu, aka kira babban taron ƙasa a watan Fabrairu na 1990, aka yi zaɓe a 1991. Kerekou ya faɗi, ya miƙa mulki ga Nicephore Soglo ba tare da yaƙi ba.

Abin da ya sauƙaƙa wa mutanen nan uku tafiya shi ne yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka ƙulla a 1979, wadda ta ba ɗan Nijeriya damar shiga Benin ba biza, ya zauna har kwana 90. Abin da ake nema gare shi fasfo ne ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin allurar shawara. Waɗannan suka fara nema tun da sauran lokaci.

Cikin hunturun farkon 2018 suka tashi. Daga Zariya suka shiga motar haya zuwa Ilori, daga can zuwa Cikanda a bakin iyaka, inda suka canja naira zuwa sefa. Suka bi ta Nikki zuwa Paraku, sa'an nan Jugu. Ba su kwana otal ko sau ɗaya ba. Duk garin da suka sauka sai su tambayi zango, watau unguwar baƙi, inda ba a rasa mai jin Hausa. Su yi salla a masallaci, su gai da liman da dattawa, a ba su ɗaki ko zaure, su kuwa su miƙa mazarƙwailar da manomin ya ƙunso don tsaraba. Abinci kuma abin da 'yan gari ke ci shi suke ci, sakwara da miya da cukun Fulani da ake kira wagashi. Sun kuma tafi da ƙuli-ƙuli da garin rogo da dabino, saboda ranar da ba kasuwa kusa.

Arewa da Jugu, a kan hanyar Natitingu, ƙasa ta fara tudu. Nan ne jerin duwatsun Atakora, waɗanda suka miƙe har cikin Togo. Ba su da tsawo ainun, mafi tsawonsu a Benin bai kai mita 700 ba, saboda haka ba a bukatar igiya ko wani kayan aiki mai tsada. Takalmi mai riƙe ƙafa, da sanda, da gorar ruwa sun isa. A kusa da garin Kopargo suka ɗauki wani saurayi ɗan ƙasar ya yi musu jagora zuwa ƙauyukan Taneka, suka yi ciniki da shi tun a ƙasa kafin su ɗaga ƙafa.

Da asuba bayan salla suka kama hawa. Telan, da yake shi ne yaro cikinsu, ya yi gaba da sauri, ba a jima ba ya zauna bisa dutse yana haki. Manomin kuwa gwiwa ta fara yi masa ciwo, har ya ce, "Malam, ku ci gaba, ni zan jira ku a nan." Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara guda muna zuba adashi don wannan tudu. In mun huta sau goma ma, tare za mu kai." Jagoran ya nuna musu yadda mutanen wurin ke yi: gajeren taki, a riƙa karkacewa dama da hagu maimakon a miƙe tsaye, a kurɓi ruwa kaɗan kaɗan tun ƙishi bai kama ba. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin rana ta yi zafi sun kai.

A can bisa suka tarar da ɗakunan ƙasa masu jinka a tsakanin duwatsu. Suka tambayi abin da ya sa mutane za su bar fili mai kyau su zauna inda sai an sha wahala a kai ruwa. Jagoran ya ce dattawansu sun ce gudun masu kamun bayi ne ya kawo kakanninsu nan. Manomin ya yi shiru. Ya san ayarin zamanin da ba goro da kanwa kaɗai suke ɗauka ba, har da bayi. A gida ana ba da labarin fatake da alfahari, ga shi nan kuwa ya ga waɗanda zamanin ya kora bisa dutse. Daga baya ya ce wa abokansa wannan shi ne abin da ba zai taɓa koya ba in da ya zauna a gonarsa.

Daga nan suka wuce Natitingu, suka hau babur na haya zuwa wajen Bukumbe, suka ga gidajen Batammariba, waɗanda ake kira Somba. Gidajen na ƙasa ne masu bene, kamar ƙananan ganuwa, dabbobi a ƙasa, rumbuna a bisa soro. A 2023 hukumar UNESCO ta haɗa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya, tare da na Togo da aka sa tun 2004. Bayan mako biyu suka iso gida, malamin ya buɗe littafi, aka ga kuɗin mota ne ya cinye mafi yawan adashin, har an sami ɗan saura aka raba.

Sai dai hanya ba kullum take buɗe ba. A watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu a gandun dajin Panjari, arewa da Natitingu, suka kashe jagoransu. A watan Agusta na shekarar kuma Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Bayan haka an sha kai hari a arewacin Benin wajen iyakar Burkina Faso da Nijar. Saboda haka duk mai niyyar irin wannan tafiya ya fara tambayar direbobi da 'yan kasuwa masu zuwa can, ya saurari rediyo, kada ya yi tafiyar dare, kada kuma ya hau dutse ba jagora. In an ce masa wuri ba lafiya, ya haƙura. Adashinsa ba zai ruɓe ba, ga kuma Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau, su ma suna da tarihin da zai ishe shi kallo kafin ƙura ta lafa. Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.